Me ke sa ƙaramin jirgin sama ya ƙwace wa matuƙinsa a lokacin sauka?

Duk lokacin da aka ba da labarin cewa wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi yana ƙoƙarin sauka, tambayar da ke fara zuwa bakin jama'a ita ce: ta yaya jirgin da ya shafe sa'o'i yana tafiya lafiya ƙalau zai zo ya hallaka mutanen da ke cikinsa a bakin filin da ya nufa, ga titin sauka shimfiɗe a gabansa? Amsar da aka fi bayarwa nan take ba ta wuce uku: ko inji ya mutu, ko jirgin ya tsufa, ko iska ta yi yawa. Dukkan waɗannan suna faruwa. Amma rahotannin masu binciken haɗurra na shekaru da dama sun nuna cewa a mafi yawan haɗurran da ke aukuwa a kusa da titin sauka, jirgin ba shi da wata matsala, injinsa kuma yana aiki har lokacin da ya bugi ƙasa. Abin da ya faru shi ne jirgin ya ƙwace wa matuƙinsa. Yadda jirgi mai lafiya ke ƙwace wa mutum mai lasisi, a cikin 'yan daƙiƙu, shi ne abin da ya kamata a fahimta, domin a nan ne maganin yake.

Waɗanne jirage ake nufi?

Ana maganar jirage ne masu inji ɗaya da farfela, masu kujera biyu zuwa shida, irin waɗanda makarantun koyon tuƙi, ƙungiyoyin masu sha'awar tashi da ɗaiɗaikun mutane ke mallaka. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgin sama da ya kai shi a tarihi. Kujerunsa huɗu ne, kuma nauyinsa da mutane da mai da kaya bai wuce kimanin kilo 1,100 da 'yan kai ba. Akwai irin su Piper Cherokee, Beechcraft Bonanza da Cirrus SR22.

Bambancinsu da jiragen fasinja na kamfanoni ya wuce na girma. Jirgin kamfani yana da matuƙa biyu masu sa wa juna ido, waɗanda tuƙi ne sana'arsu, ake kuma maimaita musu jarrabawa a na'urar kwaikwayon tuƙi kowace shekara. A ƙaramin jirgi kuwa mutum ɗaya ne ke tuƙi, shi ke magana da hasumiya, shi ke duba hanya, kuma sau da yawa likita ne ko ɗan kasuwa ko manomi wanda ke samun damar tashi sau ɗaya ko biyu a wata. A Amurka, inda ake da irin waɗannan jirage fiye da ko'ina, doka ta ba da damar samun lasisin matuƙi mai zaman kansa da sa'o'i 40 na tashi, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma 45, ko da yake yawancin ɗalibai sukan wuce haka kafin su ci jarrabawa.

Haɗurra iri biyu da ake yi wa kuɗin goro

Labarai sukan haɗa abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma rashin raba su ne ke rikita mai karatu.

Na farko shi ne hatsarin kan titi: jirgi ya dira da ƙarfi ya karya tayar gaba, ko ya kauce ya shiga ciyawa, ko ya zarce ƙarshen titi, ko farfelarsa ta daki ƙasa. Wannan shi ne hatsarin da ya fi kowane yawa a ƙananan jirage, shekara bayan shekara, a ƙididdigar da ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka, AOPA, ke fitarwa. Amma da wuya ya ci rai, saboda jirgin yana kusa da ƙasa, gudunsa kuma ya ragu. Asarar dukiya ce ke da yawa, domin farfela kaɗai in ta taɓa ƙasa tana juyawa, a al'ada sai an kwance injin an duba cikinsa kafin a sake amincewa da shi.

Na biyu shi ne ƙwacewa a sama, jirgin yana nesa da ƙasa da 'yan ɗaruruwan ƙafa, yana shan kwana don fuskantar titi ko yana hawa bayan ya fasa sauka. Wannan bai kai na farko yawa ba, amma shi ne mai kisa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bayyana cewa tsakanin 2008 da 2014 kusan rabin haɗurran ƙananan jirage masu fiffike da suka ci rayuka a ƙasar, ƙwacewa a sama ce ta jawo su, mutum fiye da 1,200 kuma suka mutu a cikinsu. Abin da ya sa ke nan hukumar ta shafe shekaru tana sa wannan batu a jerin matsalolin da ta fi son a magance.

Ko da yake sakamakonsu ya bambanta, tushensu yakan zama ɗaya: saukar ta lalace tun daga nesa, matuƙin ya gani ko bai gani ba, sai ya dage sai ya gyara ta da ƙarfi.

Abin da ke riƙe jirgi a sama

Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda yana haɗuwa da iska a ɗan karkace, yana tura ta ƙasa. Wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san cewa in ya ɗan ɗaga gaban hannun, iska za ta ɗaga shi sama, in kuma ya ɗaga fiye da kima, ɗagawar za ta yanke, iskar ta koma tura hannun baya kawai. Haka fiffike yake. Wannan karkata da ke tsakanin fiffike da iskar da ke tunkararsa tana da iyaka, wadda a yawancin ƙananan jirage ba ta wuce digiri 15 zuwa 18 ba. In aka ƙetare ta, iskar da ke bin saman fiffike a shimfiɗe sai ta watse, ƙarfin ɗagawa ya ragu farat ɗaya, hancin jirgi ya faɗi. Wannan shi ne abin da matuƙa ke kira sitol, kuma ba shi da alaƙa da lafiyar inji, yana iya faruwa inji na kan cikakkiyar wuta.

Matsalar ita ce sauka tana tilasta wa jirgi ya matso kusa da wannan iyaka. Duk yadda gudu ya ragu, dole a ƙara ɗaga hanci domin fiffike ya ci gaba da ɗaukar nauyin jirgin. Cessna 172 yakan tunkari titi da gudun kimanin kilomita 120 a sa'a, sitol kuma yana kama shi a kusan kilomita 90 idan an saukar da filaf, wato faifan da ke bayan fiffike wanda ake sassautawa ƙasa don jirgi ya iya tafiya a hankali. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a tunkari titi da gudun da ya ɗara na sitol da kashi 30 cikin ɗari. Tazara ce wadatacciya, matuƙar jirgin yana tafiya miƙe.

Da zarar ya fara shan kwana, lissafin ya canza, kuma wannan ne abin da ko wasu matuƙan ke mantawa. Jirgin da ya karkata yana juyawa, matuƙinsa kuma yana jan sitiyari don kada ya yi ƙasa, fiffikensa yana ɗaukar nauyin da ya fi na jirgin. A karkatar digiri 45, gudun da sitol zai kama shi ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari. A digiri 60, fiffike yana ɗauke da ninki biyu na nauyin jirgin, gudun sitol kuma ya ƙaru da kashi 41. Ma'ana, jirgin da ke da iyakar kilomita 90 yanzu iyakarsa ta koma kusan 127, ta haura gudun da yake tafiya da shi. Matuƙin zai duba agogon gudu ya ga lambar da ya saba ganin lafiya ce, alhali ya riga ya shiga haɗari.

Kwanar ƙarshe

Ƙananan jirage ba sa miƙowa daga nesa su sauka yadda manya ke yi. Sukan shiga zagayen fili a tsayin kimanin ƙafa 1,000, wato mita 300, su bi gefen titin suna fuskantar inda iska ta nufa, su sha kwana ɗaya su gilma, sannan su sha ta biyu su fuskanci titi suna tunkarar iska. Wannan kwana ta biyu akan sha ta ne a tsayin ƙafa 400 zuwa 500, kuma tana daga cikin wuraren da aka fi asarar rayuka a harkar ƙananan jirage.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a rahoto bayan rahoto. Iska tana tura jirgin daga baya a lokacin da yake gilmawa, sai ya isa layin titi da wuri fiye da yadda matuƙin ya zata, ya zarce. Matuƙin ya ga titi yana guduwa gefe. An koya masa cewa kada ya karkatar da jirgi sosai a kusa da ƙasa, don haka sai ya ƙi ƙara karkata, ya taka fedar da ke juya faifan wutsiya domin ya tilasta wa hanci ya juyo. Wannan takawa tana sa fiffiken waje ya ƙara sauri ya ɗaga, jirgin ya ƙara karkata ba da son matuƙin ba, hanci kuma ya sunkuya. Sai ya murɗa sitiyari zuwa ɗaya gefen don ya hana karkatar, ya kuma ja shi don ya ɗago hancin. Yanzu ƙafarsa tana cewa hagu, hannunsa yana cewa dama, gudu yana raguwa, fiffiken ciki kuma shi ne ya fi kusa da iyakarsa. Idan sitol ya zo a wannan hali, fiffiken ciki ne ke fara yankewa, jirgin ya kifa ta wannan gefe, hanci ya kalli ƙasa, ya fara wulwulawa.

Fita daga wulwulawa abu ne da ake iya yi, amma yana cin tsayi. Kowane juyi ɗaya yana iya cin ƙafa 500, kuma daga farawa zuwa farfaɗowa akan yi asarar ƙafa 1,000 ko fiye, ko da ƙwararre ne ke tuƙi. Wanda abin ya same shi a ƙafa 400 ba shi da wannan tsayi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ɗabi'ar ɗan Adam: wanda ya ga ƙasa na taso masa, hannunsa zai ja sitiyari da kansa, alhali maganin sitol shi ne a tura sitiyarin gaba don a rage karkatar da ke tsakanin fiffike da iska. Tura hanci ƙasa a lokacin da ƙasa ke matsowa abu ne da jiki ke ƙi, sai wanda ya maimaita shi har ya zame masa jiki.

Abin lura a nan shi ne matuƙin bai yi ganganci ba. Kowane mataki da ya ɗauka yana da dalili a wurinsa, har ma ɗaya daga ciki, ƙin karkata da yawa, biyayya ce ga abin da aka koya masa. Kuskuren ya faru ne tun lokacin da ya zarce layin ya yanke shawarar sai ya dawo kansa.

A kan titin kansa

Idan an wuce kwanar lafiya, saura daƙiƙun ƙarshe, inda matuƙi zai rage wuta, ya ɗago hanci a hankali, ya bar jirgin ya zauna a kan manyan tayoyinsa biyu. Babban abokin gaba a nan shi ne gudun da ya wuce kima, kuma sau da yawa tsoron sitol ne ke haifar da shi. Matuƙi yakan ƙara 'yan kilomita don kariya, ya ƙara wasu saboda iska, ya ƙara wasu saboda yana ɗauke da iyalinsa, har ya iso bakin titi da gudun da jirgin ba zai yarda ya zauna da shi ba. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana ƙara tsawon da ake buƙata don tsayawa da kimanin kashi 20. Ga kuma wani abu: idan fiffike ya matso ƙasa sosai, jan da iska ke yi masa yana raguwa, sai jirgin ya yi ta shawagi a saman titi, titin yana ƙarewa a ƙarƙashinsa.

A nan ne gaggawa ke shiga. Matuƙin ya tura hanci don ya dasa jirgin a ƙasa, tayar gaba ta fara dira, ta yi tsalle, hanci ya tashi, ya sake turawa a makare, ta sake dira da ƙarfin da ya fi na farko. Kowane tsalle yana fin na baya muni, kuma an san cewa a na uku ne tayar gaba kan karye, domin ba a ƙera ta don ɗaukar nauyin sauka ba.

Iskar baya ma tana da nata. Littafin tuƙin Cessna 172 ya ce a ƙara kashi 10 cikin ɗari a tsawon sauka a kan kowane kusan kilomita 4 a sa'a na iskar baya, alhali sai iskar gaba ta kai kimanin kilomita 17 a sa'a kafin ta rage kashi 10 ɗin. Kuma mita 400 da littafin ya ce sun ishi jirgin, daga ƙetare shinge zuwa tsayawa, matuƙin gwaji ne ya samo su da sabon jirgi a busasshen titi. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ke ba da shawarar a ninka lambar da 1.43, wasu masu koyarwa kuma ke cewa a ƙara rabi.

Sai iskar gefe, wadda ita ce ta fi fitar da jirage daga titi. Dole matuƙi ya sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska don kada ta kwashe shi, ya taka fedar ɗaya ɓangaren don hanci ya miƙe da titi, ya sauka da taya ɗaya kafin ta biyu. Ƙarfin iskar gefe da aka gwada Cessna 172 da shi kimanin kilomita 28 ne a sa'a, amma wannan lamba ce ta abin da aka gwada, ba ta ce komai game da iyawar wanda rabonsa da sauka cikin irin wannan iska ya kai shekara ba. Kuskuren da aka fi yi kuma yana zuwa ne bayan taya ta taɓa ƙasa: matuƙin ya saki jiki, ya mayar da sitiyari tsakiya yana ganin aiki ya ƙare, iskar ta shiga ƙarƙashin fiffike ta juya jirgin. A jirage masu ƙaramar taya a wutsiya abin ya fi tsanani, saboda nauyinsu yana bayan manyan tayoyi, da zarar wutsiya ta fara karkacewa, nauyin yana ƙara jan ta har jirgin ya yi hajijiya a ƙasa.

Fasa sauka, da haɗarin da ke cikinta

Kusan duk abin da aka lissafa yana da magani ɗaya: a ba inji wuta, a hau, a sake zagayowa. Ba ya cin fiye da 'yan mintuna da ɗan mai. Amma ba a cika yin sa ba, har a wurin ƙwararru. Wani bincike na gidauniyar Flight Safety Foundation ya gano cewa a jiragen kamfanoni, kimanin kashi 3 cikin ɗari kaɗai na saukar da ba ta daidaita ba ne ake fasawa. Idan haka abin yake ga matuƙa biyu masu dokar kamfani a kansu, ana iya hasashen yadda zai kasance ga mutum ɗaya wanda fasinjojinsa ke kallonsa, wasu matuƙan kuma ke jin sa a rediyo. Kunya tana da hannu a ciki, haka ma yadda zuciyar mutum kan riga ta sauka kafin jirginsa. A ganina wannan shi ne mafi ciwo a dukan lamarin, domin rai ne ke tafiya a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma al'ada ce da masu koyarwa za su iya sauyawa idan suka riƙa yaba wa ɗalibin da ya fasa sauka kamar yadda suke yaba wa wanda ya sauka sumul.

Sai dai fasa saukar ma tana kashe wanda bai saba da ita ba. An daidaita jirgin don tafiya a hankali, don haka da an ba shi cikakkiyar wuta hancinsa zai nemi miƙewa sama da ƙarfi, farfela kuma ta ja shi hagu. Dole a danne sitiyari, a taka fedar dama, a kuma ɗaga filaf kaɗan-kaɗan bayan gudu ya ƙaru. Ranar 9 ga Yunin 2016, wani Cirrus SR20 ya yi ta ƙoƙarin sauka a filin jirgi na Hobby da ke Houston a jihar Texas, fili mai cunkoson jiragen Boeing 737. An sa matuƙiyar ta fasa saukar farko saboda wani babban jirgi da ke bayanta, sauran yunƙurin kuma ta zo da tsayi fiye da kima. A fasawar ƙarshe, tana hawa tana shan kwanar hagu, ta ɗaga filaf a gudun kimanin kilomita 115 a sa'a, alhali ƙa'idar jirgin ta ce a jira sai ya kai kusan 150. Jirgin ya yi sitol, ya wulwulo ya faɗa wurin ajiye motoci, mutum ukun da ke ciki suka mutu. NTSB ta ɗora sanadin a kan yadda aka gudanar da fasa saukar, amma ta kuma ambaci hannun ma'aikatan hasumiya, waɗanda suka ci gaba da riƙe ta a zagayen, suka kuma ba ta dogon umarni a lokacin da hankalinta ya kamata ya tattaru a kan tuƙi. Rahoton ya ƙara da cewa ita ma ba ta buɗe baki ta nemi a fitar da ita daga cunkoson ta sake shiri ba.

Duhu da hazo

Akwai wata ƙwacewar da ke zuwa daga ruɗewar jiki. Idan matuƙi ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, kunnen ciki yakan yi masa ƙarya, ya ji jirgi a miƙe alhali yana karkata. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois a 1954, matuƙan da ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi ba sun rasa iko da shi a cikin daƙiƙa 178 a matsakaici bayan an rufe musu ganin waje. Abin da ya hallaka John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan da matarsa da 'yar'uwarta ranar 16 ga Yulin 1999, yana gangarowa da daddare a saman teku cikin hazo, kusa da tsibirin Martha's Vineyard, a jirgi ƙirar Piper Saratoga wanda bincike bai samu wata matsala a jikinsa ba.

Inda masana suka saɓa

An daɗe ana muhawara a kan ko ya kamata a tilasta wa kowane ɗalibi ya shiga wulwulawa da gangan ya fita. Amurka ta cire wannan sharaɗi ga matuƙa masu zaman kansu tun 1949, ta bar shi ga masu neman zama malamai. Hujjar masu goyon bayan cirewar ita ce atisayen kansa ya ci rayuka, kuma wulwulawar da ke kisa tana faruwa ne a tsayin da iya fita ba zai yi amfani ba, don haka gara a koyar da gane alamun sitol tun kafin ya zo. Masu adawa suna cewa wanda bai taɓa ganin fiffike ya kifa ba zai daskare ranar da ya gani. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ni na fi karkata ga abin da ke tsakani: a hau sama can inda akwai tsayi, tare da malamin da ya ƙware, a kwaikwayi ainihin kwanar ƙarshe da kuskurenta, domin sitol ɗin da ake yi a jarrabawa, jirgi a miƙe matuƙi yana jiran sa, bai yi kama da wanda ke kashe mutane ba.

Muhawara ta biyu a kan na'urori ce. A 2014 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta sauƙaƙa amincewa da na'urar da ke nuna karkatar da ke tsakanin fiffike da iska kai tsaye, wadda ke gaya wa matuƙi nisansa da sitol ko yana kwana ko yana miƙe. Jiragen Cirrus suna da lema mai saukar da jirgin gaba ɗaya, kuma ta ceci rayuka da dama, sai dai ita ma tana buƙatar tsayi: daga wulwulawa, littafin jirgin ya nuna kimanin ƙafa 900, abin da ya fi tsayin kwanar ƙarshe. A 2020 aka amince da tsarin Autoland na kamfanin Garmin a jirgin Piper M600, wanda ke iya saukar da jirgi da kansa idan matuƙi ya kasa. Waɗannan ci gaba ne na gaske. Amma akasarin ƙananan jiragen da ke tashi yau an ƙera su ne tun shekarun 1960 da 1970, masu su kuma ba duka ne za su iya sayen sababbin na'urori ba.

Muhawara ta uku a kan sabo da tuƙi ce. A dokar Amurka, matuƙi yana iya ɗaukar fasinja idan ya yi tashi da sauka uku a cikin kwanaki 90 da suka wuce, ya kuma yi bitar tuƙi da malami sau ɗaya a cikin watanni 24, bitar da mafi ƙarancinta sa'a ɗaya ce a ƙasa da sa'a ɗaya a sama. Ana iya cika waɗannan sharuɗɗa a safiyar da babu iska, ba tare da an fasa sauka ko sau ɗaya ba. Masu ƙin a tsaurara dokar suna cewa ƙarin sharaɗi ƙarin tsada ne, tsada kuma tana rage yawan tashi, wanda shi ne tushen matsalar tun farko. Hujja ce mai nauyi, kuma ita ta sa FAA ta fi dogara ga shirye-shiryen horo na sa kai, kamfanonin inshora kuma suka zama masu gindaya sharuɗɗan da suka fi na doka tsauri.

Abin da ya shafi fasinja da mai bin labarai

Wanda aka gayyata ya hau ƙaramin jirgi yana da haƙƙin yin tambaya, kuma yawan sa'o'in da matuƙi ya tara a rayuwarsa bai kai muhimmancin sa'o'in da ya yi a wannan samfurin jirgin a 'yan watannin nan ba. Ya dace ya faɗi nauyinsa da na kayansa na gaskiya, saboda nauyi yana ɗaga gudun sitol, kayan da aka jibge a baya kuma suna wahalar da fita daga cikinsa. Ya ɗaura bel har da na kafaɗa, domin a hatsarin kan titi shi ne ke raba rauni kaɗan da buguwar kai. Daga lokacin da aka shiga zagayen fili ya yi shiru, sai in ya hango wani jirgi. Idan ya ji inji ya ɗauki wuta jirgin ya sake hawa bayan ya kusa taɓa ƙasa, ya sani cewa matuƙin ya yi abin da aka koya masa, kada ya sa shi jin cewa ya gaza, kuma kada ya matsa masa a kan lokacin isa tun kafin a tashi.

Mai bin labarai kuma ya yi hattara da bayanin ranar farko. Shaidun gani da ido sukan ce sun ji inji ya yi shiru, alhali rage wuta a lokacin sauka abu ne na yau da kullum. Doka ba ta tilasta wa irin waɗannan jirage ɗaukar baƙin akwati ba, don haka masu bincike sukan dogara ga yanayin tarkace, sawun taya, lanƙwasar farfela da ke nuna ko tana juyawa da ƙarfi lokacin buguwa, muryoyin rediyo, da bayanan da na'urorin zamani ke ajiyewa idan jirgin yana da su. Rahoton farko yakan fito cikin 'yan makonni, kuma abin da aka gani kaɗai yake ɗauke da shi. Rahoton da ke bayyana sanadi yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu.